Tsohon Barira Mai Kitso

A unguwar Akurba, can bakin garin Lafiya, babu wanda bai san gidan Barira mai kitso ba. Hannunta ya isa a san shi, amma abin da ya fi sa mutane leƙe a gidan shi ne wani tsiro da ke tsaye cikin rabin duro a ƙarƙashin rumfar kwano. Tsayinsa ya kai ƙirjinta, kaurinsa ya ɗara taɓarya, ba reshe, ba ganye. Daga sama har ƙasa furfura ce ta lulluɓe shi, fara fat. Gashi nake nufi, dogo mai laushi, wanda iska ke kaɗawa. Barira ta raɗa masa suna Tsoho, unguwa kuma ta bi bakinta.

Wata Bajamushiya ce ta ba ta shi, Sista Ursula, da ta yi aiki a ƙaramin asibitin mishan. Wata rana a shekarar 1978 Sista ta zo wai a yi mata kitso. Barira ta yi iya yinta, amma gashin santsi gare shi kamar gemun masara, kafin la'asar duk ya warware. Dariyar da suka sha ranar ita ta ƙulla ƙawancensu. Da Sista za ta koma ƙasarsu sai ta zo da gwangwanin madara, a ciki wani ɗan abu mai farin gashi da bai wuce babban yatsa ba.

"Daga lambun babana na zo da shi," in ji ta. "Ke kin san gashi, ke zan bar wa. Kada ruwan sama ya taɓa shi. In za ki ba shi ruwa, ki ba shi kamar marowaciya."

To, ka ji inda aka samu abin dariya. Gari ne na manoman doya, inda in hadari ya yi jinkiri har roƙon ruwa ake fita, sai ga mace ta sayi kwano sabo ta yi wa tsiro rumfa, alhali madafinta na yoyo. An yi mata tsiya har an gaji. Matan da ke zuwa kitso kuwa, in sun yi alwala, hannunsu da kansa yake kai ragowar buta gindin duk wani kore da ke kusa, don haka aka tashe su. Barira ta yi faɗa da rabin unguwa a kan wannan alherin.

Duk Juma'a da hantsi takan zare tsinken kitso daga kanta ta tsefe wa Tsoho gashi, ta cire masa yanar gizo da ƙura. A ƙarƙashin furfurar akwai ƙayoyi rawaya masu kaifi, sun sha sukanta har ta haddace mazauninsu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, wata a Doma, wata a Makurɗi. Tsoho yana nan, yana ƙara tsawo a hankali yadda ido ba ya kamawa. Kada wani ya ce tsafi take yi. In ta gama tsifar takan ja da baya ta dube shi, ta ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce ka, ta koma aikinta.

Daminar 1995 ce ta kawo tashin hankali. A hanyar gonakin Akurba akwai tsohon shingen ƙerana, wannan itace mai ƙaya da kakanni ke dasawa don tare dabba da maƙiyi. Kowa ya san in aka sare ta farin ruwa take fitarwa kamar nono, kuma in ya taɓa fata ƙuna ce. Mailafiya, ɗan Ɗanliti maƙwabcin Barira, saurayi mai ƙarfi da ya fara noman kansa, ya je faɗaɗa hanya don amalanke. Ya ɗaga adda ya kai sara sama da kansa, nonon ya yi tsartuwa ya cika masa fuska. An wanke da madara, an wanke da ruwa, an garzaya asibiti. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan ma sai a hankali.

Mai unguwa Ya'akubu ya ba da umarni a sare duk wata ƙerana da ke Akurba a binne. Maza suka ɗaure fuska da tsumma suka yi aikin, ba wanda ya yi gardama. Da aka gama, Ɗanliti ya yi sallama a ƙofar Barira.

"Iya, an sare na kowa."

"Na ji, Ɗanliti. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi," ya ce, amma a leɓe kawai. "Saura naki."

"Nawa ba ƙerana ba ne."

"To mene ne?"

Barira ta waiwaya ta dubi rumfar. Shekara goma sha bakwai tana tare da shi, ba ta da amsar da ta wuce Tsoho. Abin da ya fi ta da mata hankali, ita ta fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin gashin: koren jiki mai tsaga-tsaga da ƙaya a jere, ƙerana sak. Ta daɗe tana zargin haka a ranta ba ta gaya wa kowa ba. Ɗanliti ya ce bayan sallar Juma'a zai dawo da mai unguwa, ya juya ya tafi.

Cikin matan da ke zuwa kitso akwai matar wani malamin aikin gona na sakandare, Batibi mai suna Terhemba. Ita ta ga Barira ta karkatar da tsaga, abin da ba ta taɓa yi ba, ta matsa mata da tambaya har ta ji labari. Washegari da yamma sai ga Terhemba a kan mashin. Ya shigo yana gaisuwa da fara'a, idonsa ya faɗa kan rumfar, gaisuwar ta tsaya a nan. Ya cire hula ya tsuguna a gaban duron.

"Na wa o," ya ce a hankali. "Mama, ina ka samu wannan?"

Hausar Terhemba ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinsa, Barira kuma ta saba da irinta a kasuwa. Ta ba shi labarin Sista da gwangwanin madara.

"Hotonsa kawai na taɓa gani, lokacin ina yunibasiti. Ban taɓa tsammani zan gan shi a Lafiya ba. Ɗan Meziko ne, Mama, bayan babban teku. Can a kan duwatsu suke, inda rana ke dukan ƙasa kuma ruwa bai cika zuwa ba. Gashin nan laima ne, shi ke tare masa rana. In ya girma yana neman kamo giginya a tsawo. An ce yana yin shekara ɗari biyu."

"Ɗari nawa?"

"Biyu. Wannan naka yaro ne, ko yaye ba a yi masa ba. Da furfura ake haifar su. In sun manyanta sai gashin jiki ya riƙa zubewa, ya rage na sama."

Barira ta laluba turmi ta zauna. Tun tana budurwa kawunan mutane ke wucewa ta hannunta, ta ga baƙin gashi yana komawa fari a kan ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, har nata ya bi. Ba ta taɓa zaton Allah ya yi wata halitta da ya juya wa wannan tsari ba. Duk shekarun nan tana gaishe shi kamar dattijo, ashe raino take yi. Tsoro da daɗi suka haɗu suka cika mata ƙirji.

Terhemba ya roƙe ta ta buɗe gashin. Ya nuna mata yadda kowane gungun ƙaya ke fitowa daga wani ɗan matashi mai laushi kamar auduga. Ya ce ƙerana ba ta da wannan, ƙayarta biyu-biyu take fita daga fata mai tauri.

"Ba famili ɗaya ba ne, ko kusa. Rana da ƙishirwa ne suka sa suka yi kama, wannan a can, wancan a nan, ba su taɓa haɗuwa ba."

"Yana da nono?" ta tambaya, don wannan ce kaɗai tambayar da za a yi mata.

"Bai kamata ba."

"Ka taɓa gani da idonka?"

Ya sosa kai. "A'a, Mama. Yau na fara taɓa shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko, tsakar gidan Barira ta cika. Mai unguwa Ya'akubu ya zauna a kujerar da aka kawo masa, dattijo ne mai magana a sanyaye wanda ba a yi masa wayo. Ɗanliti ya ƙi zama, yana tsaye da adda, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mata suka jeru a bakin katanga. Hadari na haɗuwa ta gabas. Terhemba ya sa rigarsa ta coci, ya gyara murya, ya shiga karantarwa kamar yana aji.

"Ranka ya daɗe, abin nan sananne ne. Shekara ɗari da saba'in ke nan da wani masani ɗan Ingila ya fara ba shi suna. Su masana suna biyu suke ba kowane tsiro, sunan gida da sunan yanka. Shi ya sa shi a gidan Kaktus, inda lokacin ake tara masu ƙaya irin wannan. Ba a daɗe ba wani ɗan Suwizalan ya ce a'a, ya mai da shi gidan Seriyus, wato masu tsayuwa kamar kyandir. Sai wani Bajamushe ya lura in ya girma yana yin wani curin ulu a sama inda fure ke fita, ya buɗe masa sabon gida, Sefaloseriyus, kyandir mai kai. Shekara na juyowa wani Bafaranshe ya kawo nasa, kyandir mai gashi. Aka ce ya makara, na Bajamushe ya riga, shi ya zauna har yau."

Wani daga baya ya gwada faɗin sunan, harshensa ya harɗe, mata suka ƙyalƙyale.

"Amma su huɗun nan," Terhemba ya ɗaga yatsa, "duk rigimarsu a kan gida ce. Sunan yanka ba wanda ya taɓa. Senilis. Da Latin, ma'anarsa tsoho."

Dariyar ta ɗauke. Tsigar jikin Barira ta tashi. Wasu mutane a wasu ƙasashe, tun kakar kakarta ba ta zo duniya ba, sun tsaya gaban irin wannan halitta sun dube ta, abin da ya zo bakinsu shi ne abin da ya zo nata a ɗakinta a Akurba. Ta ji kamar an miƙo mata hannu daga nesa. Wata tsohuwa a bakin katanga ta ce Allahu akbar, wasu suka amsa.

Mai unguwa ya bari aka natsu, sannan ya gyara zama.

"Malam, mun ƙaru, Allah ya ƙara sani. Sai dai ina da tambaya. Mutum huɗu, kowa masani, kowa da gidan da ya kai shi. In waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kai sun saɓa har sau huɗu, wa ya ba ni tabbacin gobe na biyar ba zai tashi ya ce ɗan gidan ƙerana ne ba?"

Da Terhemba ɗan kasuwa ne da ya rantse ya wuce wurin. Amma malami ne, kuma mai gaskiya har ta yi masa yawa.

"Ƙerana dai a'a, ranka ya daɗe. Amma gaskiya har yanzu ana canja wa wasu danginsa gida. Haka ilimin yake, in an ƙara gani sai a gyara."

"Ka ji ko," in ji mai unguwa.

"Ni ba suna ya kawo ni ba," Ɗanliti ya ce, muryarsa a dushe. "Ko ɗari za a ba shi. Akwai yara a unguwar nan, suna shigowa gidan nan kullum. Iya, ki yi haƙuri. Ba zan iya barci ba in yana tsaye."

Ba wanda ya ga laifinsa, har Barira. Ta dubi addar, ta dubi Tsoho, iskar hadarin tana kaɗa masa gashi. Sara ɗaya zai isa.

"Ku dakata," ta ce.

Ta zare tsinken kitso daga kanta. Terhemba ya gane nufinta ya yi saurin matsowa.

"Mama, a hankali. Damina ne. In ka huda shi danshi ya shiga, zai iya ruɓewa daga ciki."

"In ban huda ba fa?"

Terhemba ya ja da baya. Ta durƙusa, ta raba furfurar kamar mai buɗe tsaga, har koren jikin ya bayyana. Wasu suka yi ƙananan maganganu, don kamarsa da ƙerana ta yi yawa. Ba ta taɓa ji masa ciwo ba, kuma ita kanta ba ta san abin da zai fito ba. Ta yi bisimilla ta soka tsinken, ta zare.

Da farko babu komai. Can sai wani ɗigo ya taru a bakin ramin, ya kumbura, ya gangaro. Garau yake kamar raɓa. Ta tare shi da yatsa ta ɗaga, yana ɗan yauƙi.

"Ba fari ba ne," mata suka shiga faɗa wa juna. "Wallahi ba nono ba ne."

Ɗanliti ya sunkuyo ya duba, ya girgiza kai.

"Tsiron wata ƙasa ne. Wa ya ce dafinsu sai ya yi fari?"

Aka dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi Terhemba, Terhemba ya dubi ƙasa. Barira ta ga yadda dattijon ya fara dafa gwiwa zai tashi, ta san hukuncin da ke tafe. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Ta ɗaga kai sama, ta gwale idonta na dama, ta goga ɗigon a ciki.

"Mama, no!" Terhemba ya yi ihu. "Ban ce ka yi haka ba!"

Adda ta faɗi ƙasa. Ɗanliti ya cafke mata wuyan hannu, amma aikin ya riga ya gama. Mata suka sa salati. Mai kitso dai da ido take cin abinci, kowa a wurin ya san abin da ta ɗora a kan faranti.

"A kawo madara! A kawo ruwa!" Ɗanliti ke ihu.

"Bari," ta ce. "Kowa ya bari."

Ta rufe idanun biyu ta zauna a ƙasa. Sanyi ta fara ji, sannan ɗan raɗaɗi, hawaye suka ɓalle. Ba ta san ko wutar ce ta fara ba, ko tsoro ne kawai. Cikin duhun nan sai ta sami kanta tana hango duwatsun da Terhemba ya kwatanta, da dogayen halittu a tsaye a kansu, dubbai, fararen kawunansu a cikin rana, ba mai rumfa, ba mai tsefe su, Ubangijinsu kaɗai ke ba su ruwa. Ta ji ƙanƙantarta, kuma abin mamaki sai hankalinta ya kwanta. Ta jira wutar, wutar ba ta zo ba.

Ta buɗe ido. Dishi-dishi ta fara gani, ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, sai ga fuskar Ɗanliti dab da tata. Yana durƙushe a gabanta. Ya sa tafin hannunsa ya rufe mata idon hagu.

"Iya, kina ganina?"

"Ina ganinka, Ɗanliti. Hularka ma a karkace take."

Sai mutumin nan ya zube ya fashe da kuka, kuka irin na babban mutum, wanda ba shi da daɗin ji. Wannan tambayar ce ya yi wa Mailafiya a asibiti da safen da aka kwance masa bandeji, yaron ya juyo da fuska wajensa ya ce, "Baba, ina jin muryarka." Tun ranar Ɗanliti bai zubar da hawaye ba sai yau. Maza suka kau da kai. Barira ta dafa kafaɗarsa, idonta ɗaya ja, ta bar shi ya yi mai isarsa.

Mai unguwa ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"A bar shi," ya ce. Ya ɗan tsaya gaban duron yana kallo, ya ƙara da cewa, "Allah mai iko," ya fita, mutane suka bi shi.

Yayyafi ya fara ƙwanƙwasa kwanon rumfar. Ɗanliti ya share fuska da hannun riga, ya dubi wurin da aka huda, inda gashin ya jiƙe ya manne.

"Malam, ka ce in danshi ya shiga zai ruɓe?"

"Zai iya."

"Me ake sa masa?"

"Toka," in ji Terhemba. "Busasshe."

Ɗanliti ya tashi ya shiga madafin Barira ba tare da neman izini ba, ya dawo da toka cike da tafinsa, ya kife ɗaya hannun a kai don kada ruwa ya taɓa. Ya tsuguna gaban duron, ya kai yatsa, ƙaya ta soke shi ya janye.

"Iya," ya ce, "zo ki buɗe min gashin."